Farfesan da jikokinsa ba su iya ƙirga abin da ya wuce goma ba

Lokacin da korona ta kulle mutane a gida a 2020, jaridu suka tono wani ɗan littafi na marubucin Amurka Jack London mai suna The Scarlet Plague, aka yi ta cewa mutumin ya hango annobar tun 1912. Hujjarsu ita ce a cikin labarin cutar ta ɓarke ne a 2013, kuma ya ce mutanen duniya sun kai biliyan takwas a 2010, alhali a zamaninsa ba su cika biliyan biyu ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kai wannan adadi a Nuwamban 2022, wato kuskurensa shekara goma sha biyu ne kacal. Ya yi ƙoƙari a lissafi. Amma duk wanda ya karanta littafin don neman duba ya bar jaki yana dukan taiki, domin abin da ke cin ran London ba cutar ba ce. Damuwarsa ita ce abin da zai rage a kan yaro shekara sittin bayan an gama binne mutane.

Kafin shi ma akwai wadda ta riga. A 1826 Mary Shelley, wadda ta rubuta Frankenstein, ta fitar da The Last Man a Ingila. Annobarta ta taso ne daga Istanbul a ƙarshen ƙarni na 21, ta bi ƙasa bayan ƙasa, har aka wayi gari saura mutum ɗaya, Lionel Verney, yana yawo shi da kare a birnin Rum, inda ya hau cocin Saint Peter ya rubuta 2100 a jikin dutse. Ba sai an yi nisa wajen neman inda ta samo wannan kaɗaici ba. Tana da shekara 28 ta riga ta binne 'ya'ya uku cikin huɗu, mijinta Percy Shelley ya nutse a tekun Italiya a 1822, amininsu mawaƙi Lord Byron ya rasu a Girka a 1824. Littafin makoki ne aka yi masa rigar labarin gaba. Masu sharhi na lokacin suka yi masa ca, suka kira shi aikin ƙwaƙwalwa mara lafiya, kuma bayan wani bugu a 1833 bai sake ganin injin ɗab'i ba sai 1965. Akwai wuri guda a cikinsa da ba na mantawa: a Paris wani ɗan damfara ya tara mabiya yana ce musu duk wanda ya bi shi cutar ba za ta taɓa shi ba, in wani ya mutu a cikinsu sai a ɓoye gawar. Wannan kam ba sai an yi mana fassara ba.

Na London ya fi gajarta, ya kuma fi cizo. An buɗe shi a 2073, wani tsoho tukuf sanye da fatar akuya yana bin tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da daji ya cinye, jikansa na gaba da kwari da baka. Tsohon nan shi ne James Howard Smith, a da farfesan adabin Turanci a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Yanzu babban burinsa a duniya ƙaguwa gasassa. Jikokinsa uku, makiyayan awaki, sukan miƙa masa ƙoƙon ƙaguwa da babu nama a ciki, ya buɗe ya fashe da kuka, su kuma su faɗi ƙasa don dariya. Da ya zo ba su labarin annobar sai aka tarar ba su san lamba sama da yatsun hannu ba. Dole ya bi da su ta ƙwayar yashi, da tsakuwa, da haƙoran da suka ciro daga ƙwarangwal ɗin da suka tono a bakin teku: haƙori ɗaya miliyan ɗaya, ƙoƙon ƙaguwa ɗaya biliyan ɗaya. Ya ce musu ƙwayar cutar ba a ganinta da ido, ɗaya daga cikinsu ya ce abin da ba a gani ai babu shi.

A nan nake da ja da marubucin, ko in ce da farfesan nasa. Tsohon yana kukan wayewa ta rushe, to amma me ya yi da shekara sittin ɗin da Allah ya ara masa? Ya tara littattafai ya ɓoye a kogo, ya ajiye mabuɗin baƙaƙe kusa da su, wai ko wata rana wani zai zo ya karanta. Kogo ba ya koyar da karatu. Ga jikoki a gabansa kullum, ga yashin bakin teku shimfiɗe, babu ko ɗaya da ya san harafi. Malamin tsangaya da bai taɓa jin sunan Berkeley ba zai fi shi dabara a wannan hali, domin kayan aikinsa ba sa jiran masana'anta: allo daga itace, alƙalami daga gamba, tawada daga gawayi da ƙaro, sauran kuma yana cikin ka. Iliminsa an gina shi ne don ya wuce daga baki zuwa kunne ko da gari ya watse. Na farfesa kuwa yana rataye da ɗakin karatu da albashi da ɗaliban da wani ya riga ya koya musu baƙi.

Ina zaton London ya san da wannan, don ɗan gurguzu ne da ya yi aikin ƙarfi tun yana yaro. Ya sa tsohon ya faɗi da bakinsa cewa masu noma abinci a da ana kiransu 'yantattu ne don raha kawai, a zahiri bayin masu dukiya ne. Sai dai da ya zo nuna rushewar duniya, hoton da ya zaɓa shi ne wani direba jahili ya mallaki matar ɗaya daga cikin attajiran da ke juya Amurka, yana dukanta tana dafa masa kifi. Ana so mai karatu ya ji zafin dukan, kuma ya kamata ya ji. Amma a muryar tsohon, rabin baƙin cikin na cewa direba ne ya same ta. Tsoron talaka ya hau sama yana nan kwance a ƙarƙashin labaran ƙarshen duniya da yawa har gobe.

Tarihi kuma bai goyi bayan waɗannan littattafai ba ta fuska guda. Baƙar annoba ta ƙarni na 14 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, ta ɗauke wa masanin tarihi Ibn Khaldun uwa da uba da malamansa a Tunis, amma ya rayu ya rubuta Muƙaddima. Murar 1918, shekara shida bayan labarin London, ta kashe kimanin mutum miliyan 50, a Najeriya kaɗai wajen rabin miliyan, kuma kasuwanni suka ci gaba da ci. Annobar gaske ba ta share kowa. Tana tsince ne, kuma sau da yawa dattawa take tsincewa. Duk wanda ke Kano a watan Afrilun 2020 ya ga yadda cikin 'yan makonni aka yi ta jana'izar farfesoshi da malamai da manyan gari. Gine-gine suna nan, wutar lantarki tana nan yadda ta saba zuwa da ɗaukewa, abin da ya tafi shi ne abin da ke kawunan mutanen nan wanda ba a zauna an karɓa ba.

Wani marubucin Amurka, George Stewart, ya koma kan wannan tambaya a nasa labarin annoba mai suna Earth Abides a 1949. Jarumin nasa ya yi ta fama ya koya wa yara karatu, yaro guda da ya ɗauka da gaske ya mutu, sai ya haƙura da ɗakin karatun jami'a ya koya musu yin kwari da baka. Jikokinsa suka riƙa ƙera bakin kibiya da tsofaffin tsabar kuɗi. Na fi yarda da wannan tsohon, ko da yake shi ma ya sha kaye, don ya dubi yaran da ke gabansa.

A ƙarshen labarin London, bayan tsohon ya gama kwararo musu tarihi yana gargaɗinsu su guji bokaye, yaran suka faɗi abin da suka tsinta. Ɗaya ya ce zai kai wa bokan ƙabilarsu awaki ya koya masa sana'ar, don kowa ya ji tsoronsa. Na biyu ya ce zai matsa wa kakan sai ya tuno yadda ake haɗa albarushi. Na ukun, wanda ya fi su natsuwa da tausayin tsohon, ya ce su je su yi, shi ne zai mulke su duka biyun. Daga nan biyu suka kora awakinsu suka nufi daji, tsohon da na ukun na bin su a baya.