A Ingila, mai hukunci na wajen kotu ba ya raba aure

Wasu na ɗauka cewa idan ma'aurata a Ingila suka ɗauko wani ya yanke musu hukunci a sirrance, aure ya mutu ke nan a hannunsa. Ina! Kotu ce kaɗai ke raba aure. Tsarin hukunci a wajen kotu da aka fara a 2012 rabon dukiya ya ba mai hukuncin: wa zai riƙe gidan, nawa ne kuɗin ciyarwa, yaya za a kasa fansho. A 2016 aka ƙara batun yara.

Kuma ba sulhu ba ne. Mai sulhu lallashi yake yi. Wannan kuwa hukunci yake yankewa, daga baya a kai wa alƙali ya tabbatar. Ma'auratan ke biyan mai hukuncin daga aljihunsu, ba araha, amma ba dogon jira, ba ɗan jarida a ɗakin.