Birgima kuma? Ai ba jaki na haifa ba

Ranar Talatar da ta wuce na kai yarona awo a cibiyar yara ta unguwarmu, nan Manchesta. Watansa biyar da sati ɗaya. Ɗaki ne mai faɗi, an shimfiɗe shi da katifun roba masu launi-launi, hita na ta huci, iyaye mata zazzaune a ƙasa kowacce ta tuɓe takalmi, kekunan tura jarirai kuma an jera su a bakin ƙofa kamar babura a bakin kasuwa. Kowace uwa na riƙe da jan littafi. Duk jaririn da aka haifa a Ingila ana ba shi wannan littafin, a ciki ake rubuta nauyinsa, da rigakafin sati 8 da 12 da 16, da duk abin da ma'aikaciyar lafiya ta gani ko ta ji daga bakinki.

Ma'aikaciyar, wata dattijuwa mai fara'a, ta ɗora shi a sikeli, ta yaba nauyinsa, sannan ta tambaye ni ko ya fara juyawa da kansa. Na ce a'a. Ta ce ko daga rub da ciki zuwa rigingine? Na ce ban taɓa gani ba. Ta ɗauke shi ta kifa a katifa. Ya ɗago kai, ya neme ni da ido, ya ɓare baki. Ta ce minti nawa nake kifa shi a rana? Na ce gaskiya ba na ƙirgawa, yawanci yana goye a bayana. Sai ta yi murmushin nan nasu na fatar baki, ta ce goyo abu ne mai kyau, amma in riƙa sauke shi ƙasa ya samu sarari. Ta rubuta layi biyu a littafin. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta faɗi baƙar magana ba, amma wallahi har na hau bas ina jin kamar a gaban mutane aka ce ban iya raino ba.

Ina isa gida na kira Umma a Zariya. Ta bari na gama zuba, sannan ta ce, "Birgima kuma? Ke jaki kika haifa? Wuyan maigidan nawa ya tsaya?" Na ce tuntuni. "Kin fara zaunar da shi?" Na ce yana zama in an tokare shi da matashi. Ta ce, "To me ake nema?" Mu tara Umma ta haifa. Za ta gaya miki watan da kowannenmu ya zauna, da wanda ya riga yin haƙori, da wanda ya ƙi tafiya sai da aka yi masa keken katako. Ranar da wani ya fara juyi kuwa, ko a mafarki ba ta riƙe ba.

Da dare na kasa barci, na shiga karance-karance, kuma abin da na gano ya ƙara min ƙarfin gwiwa. A da Turawan nan a kife suke kwantar da jariransu. Sai aka gane cewa kwanciyar rub da ciki na da hannu a mutuwar farat ɗaya da jarirai ke yi cikin barci. A 1991 aka yi gagarumin gangami a Birtaniya na a riƙa kwantar da su rigingine, bayan wata fitacciyar mai gabatar da shiri a talabijin, Anne Diamond, ta rasa ɗanta ta wannan hanya. Amurka ta yi nata a 1994. Mace-macen suka ragu ƙwarai, wannan ba wanda zai musa. To amma yaron da ke kwana rigingine a gadonsa shi kaɗai, ya tashi a sa shi a kujerar mota, daga nan a keken turawa, yaushe wuyansa da kafaɗunsa za su yi aiki? Sai aka fara ganin ƙeya na bajewa, juyi na jinkiri. Daga nan kifa yaro a farke ya zama darasin da ake koya wa iyaye, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 a yi aƙalla minti 30 a rana, a rarrabe.

Wato magani ne na ciwon da irin rayuwarsu ta haifar, shi ake auna ni da shi. Yaron da ke goye yana wuni yana ɗaga kai, yana leƙa hagu da dama, yana maƙale uwarsa da cinyoyi in ta sunkuya shara. Kuma wa ya ce ba ma kifa yaro? Duk wadda ta ga kaka ta miƙe ƙafafu, ta kifa jariri a ƙwaurinta safe da yamma tana gasa masa baya, tana miƙar da hannuwansa, ta san muna yi. Agogo ne kawai ba ma dubawa.

Ita kanta Hukumar Lafiyar, da ta bi yara a Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka don ganin lokacin da suke kai kowane mataki, abu shida ta auna, daga zama har tafiya, kuma juyi ba ya ciki. Zama kaɗai, ta samu lafiyayyen yaro na iya yinsa tun bai cika wata huɗu ba, wani kuma sai ya haura tara. Wasu ma ba su yi rarrafe ba sam, suka miƙe suka tafi. Tun 1976 wani mai bincike, Charles Super, ya nuna cewa jariran ƙabilar Kipsigis a Kenya suna riga na Amurka zama da tafiya, don iyayensu na koya musu, amma ba sa riga su a abin da ba a koya musu ba, kamar rarrafe. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ba na cewa ma'aikaciyar lafiyar nan ba ta san aikinta ba. Yawancin yara suna juyi tsakanin wata huɗu da shida, kuma wanda ya wuce haka da nisa, jikinsa saɓal ko a sanƙare, ya kamata likita ya gan shi. A gida yara nawa ne aka ce "zai yi, lokacinsa ne bai yi ba" har aka makara? Na san wasu. Ni ma rigingine nake kwantar da nawa, ba na wasa da wannan, kuma tun ranar nan nakan kifa shi a bargo in na idar da sallah. Amma a ce in rage goyo? Wannan kam an taɓa ni.

Ita ba ta san dalilin da ya sa yake wuni a bayana ba. A gidanmu jariri ba ya rasa hannu. Daga kaka sai gwaggo, daga gwaggo sai 'yar maƙwabta da ta shigo aron rariya ta zarce da shi, sai ya nemi nono ake dawo miki da shi. Ni a nan hawa na uku nake, maigida na fita tun da duhu, ƙarfe huɗun yamma rana ta faɗi. Arba'in ɗina ni na dama wa kaina kunun kanwa, don an hana Umma biza. Maƙwabciyata shekara biyu muna gaisawa a matakala, ban san cikin ɗakinta ba. Su Turawa tsakar ɗaki ce mai yi musu raino, shi ya sa suka damu da ranar da yaro zai iya juyawa a kanta. Ni in na sauke shi, gidan yakan yi tsit, har ina jin ƙarar firji.

Jiya da hantsi na bar shi a kife a falo, na shiga kicin duba shinkafa. Da na fito na tarar da shi rigingine, yana kallon fitila yana tsotsar babban yatsan ƙafarsa. Ban ga yadda aka yi ba, babu wanda ya gani. Na kira Umma ta bidiyo sau uku, layi na yankewa. A na huɗu ya shiga, na juya mata wayar, na ce ga jakinki ya yi birgima. Ta matso da fuska har goshinta ya cika allon, ta ce, "Ke, ɗauke min miji daga ƙasa, ba kya jin sanyin garin naku?"