Kafin ka nemi maganin tsayar da gudawa

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku da Allah ya ba ƙaruwa kwanan nan, da ku da ake bar wa ƙanne ku kula da su. Akwai wata ɗabi'a da ta zauna mana, kuma tana damuna ƙwarai. Da zarar yaro ya wayi gari da amai da gudawa, abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne wane magani zai tsayar da ita yau-yau. Sai a sayo kafso, a haɗa da Flagyl, a ɗura wa yaron da cikinsa ba ya riƙe komai, a zauna ana jiran aikin magani alhali ruwan jikinsa yana ta tsiyayewa. Ƙunshin ORS kuwa, wato garin gishiri da sukarin nan, ko ma'aikacin lafiya ya bayar sai a ajiye shi gefe, wai ba magani ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 440,000 a kowace shekara. Da yawansu ƙarewar ruwan jiki ce ke tafiya da su, abin da ake iya tarewa da kofi da cokali. Wannan ne ya sa na kasa yin shiru.

Mu fara da abin da ke kawo ta. A shekarar 1973 wata masaniya mai suna Ruth Bishop da abokan aikinta a birnin Melbon na Ostareliya suka duba ɗan yankin hanjin yara masu gudawa, suka gano ƙwayar cutar da yanzu ake kira rotabairos. Kafin a samo rigakafinta, kusan babu yaron da zai kai shekara 5 ba ta taɓa shi ba, ɗan talaka da ɗan mai kuɗi. Manya kuma norobairos ce ta fi kayar da su, mai bin gida ɗaki-ɗaki cikin kwana biyu. Wani babban bincike da aka wallafa a mujallar Lancet a 2013, wanda aka yi a Gambiya, Mali, Mozambik, Kenya, Indiya, Bangladesh da Pakistan, ya nuna cewa ƙwayoyin cuta huɗu ne suka fi jawo gudawa mai tsanani ga ƙananan yara: rotabairos a kan gaba, sai kiriftosforidiyom, da shigela, da wani nau'in bakteriyar E. coli. Ku lura da wannan da kyau: kafso da dangoginsa, wato antibayotik, bakteriya suke kashewa. Ba su da abin da za su yi wa bairos. Yaron da rotabairos ta kama, ko kwalba nawa ka ɗura masa, sai cutar ta cika kwanakinta, galibi 3 zuwa 7, sannan ta wuce da kanta. Aikin da ke wuyanka shi ne ka riƙe shi da ruwa a jiki har ta wuce.

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin wanda ya fahimci yadda ORS ke aiki ba zai ƙara raina shi ba. Wajen 1960 wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, ya bayyana cewa a bangon hanji akwai wata kafa da gishiri da sukari suke shiga tare, kamar ƙofar da ba ta buɗuwa sai mutum biyu sun tura ta lokaci guda. Idan suka shige, ruwa yakan bi bayansu zuwa cikin jini. Abin mamakin shi ne, ko a cikin kwalara, lokacin da hanji ke zubar da ruwa ba ƙaƙƙautawa, wannan kafar tana nan tana aiki. Likitoci a birnin Daka na Bangladesh ta yanzu da birnin Kalkata na Indiya suka gwada abin a kan masu kwalara a shekarun 1960, ya yi aiki. Sai ga yaƙin Bangladesh a 1971, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira, ledojin ƙarin ruwa suka yi ƙaranci. A sansanin Bangaon wani likitan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya riƙa haɗa gishiri da sukari da ruwa a manyan durum, ya sa 'yan uwan marasa lafiya su riƙa ba su da kofi. Mace-mace a wurinsa ya sauka daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A 1980 gudawa tana kashe yara fiye da miliyan 4 a shekara. Yaɗuwar wannan ruwan na cikin manyan dalilan da suka sa adadin ya faɗo. Raina kama ka ga gayya ke nan.

Sai dai a ba shi yadda ya kamata. Ƙunshi ɗaya a cikin adadin ruwa mai tsabta da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita 1. Kada a rage ruwan don ya yi ƙarfi, gishirin da ya yi yawa yana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Kada kuma a maye gurbinsa da lemon kwalba, yawan sukarinsa yana janyo ruwa zuwa cikin hanji ne, gudawar ta ƙaru. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, wanda ya fi haka 100 zuwa 200, babba ya sha iya shansa. Ɗauke shi a cinya, ka riƙa ba shi cokali ɗaya kowane minti ɗaya ko biyu. Zai yi amai, kuma a nan ne yawancinmu muke karaya mu ce ba ya karɓa. Dakata minti 10, ka ci gaba a hankali fiye da da. Abin da ya zauna a cikinsa ya fi wanda ya fito. Ruwan ORS ɗin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Aiki ne mai cin rai, na sani, kuma bai kamata a bar wa uwa ita kaɗai ba. Kai uba, ko kai yaya, karɓi cokalin ta ɗan runtsa.

Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara da ƙwayar sinadarin zink, wadda ake bayarwa tare da ORS: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata 6 ba miligiram 10. Yana rage tsawon ciwon, yana kuma rage dawowarsa a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. A cika kwanakin ko da yaro ya warke. Nono kuwa kada a janye shi ko na yini ɗaya, abinci ma haka. Hanjin da aka bari da yunwa ya fi jinkirin farfaɗowa, kuma ta nan tamowa ke samun shiga: gudawa ta ramar da yaro, ramar ta sa wata gudawar ta fi kama shi da sauƙi.

Antibayotik yana da wurinsa. Atini mai jini da kwalara mai tsanani suna buƙatarsa, amma likita ne zai zaɓa, bayan ya ga mara lafiya. Shansa barkatai yana kashe bakteriya masu amfani a hanji, yana kuma koya wa masu cutarwa jure magani, har yanzu ga shi ana samun shigelar da magungunan da aka saba ba sa jin ta. Ƙwayar tsayar da gudawa irin lofaramaid ba a ba ƙananan yara ita sam, domin tana iya tsayar da motsin hanji ciki ya kumbura. Babba ma ya guje ta idan akwai jini ko zazzaɓi.

Ku kuma masu jini a jika da kuke ganin gudawa ciwon yara ce, ku ji wannan. A 2011 wani nau'in E. coli mai guba ya ɓarke a Jamus, mutum fiye da 50 suka mutu, ɗaruruwa ƙodarsu ta taɓu, kuma yawancinsu manya ne. Ko babu irin wannan gubar, ƙarewar ruwa kaɗai tana isa ta tsayar da ƙoda, zubewar sinadarin fotashiyom kuma tana rikita bugun zuciya. Akwai bakteriyar kamfilobakta, wadda ake yawan samu a naman kajin da bai dahu ba. Jefi-jefi, makonni bayan an warke, takan bar mutum da shanyewar gaɓoɓi da likitoci ke kira Gilan-Bare. Wasu kuma sukan yi watanni cikinsu bai koma daidai ba.

Rigakafin ba ɓoyayye ba ne. Wanke hannu da sabulu bayan an fito bayan gida, bayan an wanke wa yaro, da kafin a taɓa abinci. Ruwan shafawa mai barasa ba ya kashe norobairos sosai, sai sabulu da ruwa. Tun 2009 aka shawarci dukkan ƙasashe su sa rigakafin rotabairos a jadawalin jarirai. Ɗigo ne a baki, ana farawa daga mako 6. Duba katin ɗanka yau ka ga ko an ba shi.

Abu na ƙarshe, don Allah ku san lokacin da jinyar gida ta ƙare. Ka tsunkuli fatar cikin yaro da yatsu biyu ka saki: idan ta tsaya a tattare ba ta koma nan take ba, ruwa ya yi nisa da tafiya. Idan idanunsa sun zurma, maɗigarsa ta faɗa, yana kuka ba hawaye, ya yi sa'o'i bai yi fitsari ba, ko ya yi laushi har ba ya iya sha, ko kun ga jini a bayan gidansa, ko komai aka ba shi sai ya dawo da shi, to a tafi asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne. Jaririn da bai kai wata 2 ba, da tsoho, da mai juna biyu, da mai ciwon sukari ko na ƙoda, ba a jira su kai haka. A ɗauki ruwan ORS ɗin a tafi da shi, idan mara lafiya yana iya haɗiya a ci gaba da ba shi a hanya har a isa.