Tafiya mabuɗin ilimi, in ji masu neman tikitin araha

Kun dai ga hotunan iyayen nan da ke kwasar 'ya'yansu zuwa hutu ana tsaka da zangon karatu, ba sai na ce ko su waye ba. Mako na huɗu da komawa makaranta, yarinya na kwance a bakin teku da tabarau ya rufe mata rabin fuska, an rubuta a ƙasa wai "tafiya mabuɗin ilimi". To madalla. Abin da ba ku gani ba shi ne saƙon da ya shigo wayata ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ana gobe za su tashi: "Malama, don Allah a ɗan haɗa mata aikin mako biyu ta riƙa yi a can, kar a wuce ta." A ɗan haɗa. Sai ka ce aikin mako biyu wani ƙulli ne da na ajiye a ƙarƙashin tebur, jira kawai nake a tambaya in miƙa.

Ni ba hutun ne ya ba ni haushi ba. Ku je, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne sunan da ake raɗa wa abin. Ku faɗi gaskiya mana: tikitin jirgi da ɗakin otal sun fi araha idan 'ya'yan sauran mutane suna aji, shi ya sa kuka zaɓi wannan lokacin. Shi ke nan. Babu laifi mutum ya so araha, ni ma ina so. Amma kuɗin nan da kuka rage ba a iska ya narke ba, wani ne ya biya muku shi, kuma ba ku nemi izininsa ba.

Ni ce ta farko da ke biya. Ranar da yarinyar nan za ta dawo, mun riga mun gama lissafin rabi da sulusi da kwata, mun shiga yadda ake haɗa su. Za ta zauna tana kallon allo kamar an yi rubutun da wani yare. Zaɓi biyu gare ni: ko in bar ta a haka ta ci gaba da gyaɗa kai tana yi kamar ta gane, ko in tsayar da yara talatin in koma baya saboda mutum ɗaya. Tunda ba zan iya ko ɗaya ba, na uku nake yi, in zauna da ita lokacin da sauran malamai suka fita shan iska. Wannan lokacin nawa ne, kuma na yaron nan ne da ya kwanta asibiti kwana shida ba da son ransa ba, wanda da shi ya kamata in zauna. To kun ga na biyun da ke biya.

Aikin da ake cewa a haɗa kuwa, na daina yaudarar kaina. Na sha haɗawa. Littafin yakan dawo da shafi ɗaya da rabi an cika shi a filin jirgi, rubutun ma wani lokacin na uwar ne. Kuma ko da an cika shi duka, takarda ba ta ganin fuskar yaro ta san bai gane ba, ba ta sake misali, ba ta jin amsar da wani ɗan aji ya bayar ba daidai ba wadda gyaranta ne ke sa kowa ya fahimta. Da aikin takarda na maye gurbin aji, ai da tuni an sallame mu an sayi injin buga takardu.

Na san abin da za a ce, don na ga an fara tun jiya. "Mako ɗaya ne kawai, me zai rasa?" A Ingila, inda aka fi kai ruwa rana kan wannan batu, kwanakin karatu 190 ne a shekara. Cire su daga 365, kwana 175 ya rage, yaro na gida. Wato kusan rabin shekara. A cikin kwana 175 ba a samu bakwai da za a je bakin teku ba, sai an gutsuro daga 190 ɗin? Kuma ba a taɓa tsayawa a mako ɗaya. Yaro zai yi mura, zai yi ciwon haƙori, za a yi rasuwa, waɗannan ba wanda ya tsara su. Sai a ɗora hutun ganganci a kansu. A can, yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na zaman aji, kwana 19 ke nan a shekara, sunansa ya shiga sahun masu yawan fashi. Hutun mako biyu shi kaɗai ya cinye goma.

Sai masu cewa "ɗana ne, ni ke da iko da shi". Ba wanda ya yi musu. Amma ranar da kika kawo shi kika rubuta sunansa a rajista, kin shigar da shi cikin wani abu da ba naki ke kaɗai ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa; kalandar zango tana hannunku tun kafin a buɗe makaranta. An yi wannan gardamar har gaban Kotun Ƙolin Birtaniya. Wani uba mai suna Jon Platt, daga tsibirin Isle of Wight, ya ɗauki 'yarsa zuwa wurin shaƙatawa na Disney World da ke Florida a Amurka a watan Afrilun 2015 bayan makaranta ta hana shi izini. Aka ci shi tarar fam 60, ya ce ba zai biya ba, hujjarsa ita ce 'yar tasa tana zuwa makaranta fiye da kashi 90 cikin 100, don haka tana zuwa "a kai a kai" kamar yadda doka ta nema. Ya yi nasara a kotun majistare, ya sake yi a Babbar Kotu a 2016. A watan Afrilun 2017 Kotun Ƙoli ta soke, ta ce zuwa a kai a kai na nufin zuwa bisa ƙa'idar da makaranta ta shimfiɗa, ba bisa lissafin da uba ya yi a kansa ba. Abin da ya fi burge ni a hukuncin, alƙalan sun kawo maganar sauran iyayen da ke bin ƙa'ida duk da tsadar da suke sha. Su wa ya tuna da su? Ga na uku da ke biya.

Tarar ma ba ta hana komai, kuma nan ne abin dariyar yake. Tun 2013 aka ɗaure hannun shugabannin makarantu a Ingila, ba sa ba da izinin hutu sai da dalili na musamman. A watan Agustan 2024 aka ɗaga tarar zuwa fam 80, ta koma 160 in an wuce kwana 21 ba a biya ba, kuma kowane mahaifi da tasa, kowane yaro da tasa. Me ya faru? Masu hali suka zauna da na'urar lissafi, suka ga ko an haɗa da tarar tafiyar ta fi sauƙi a lokacin karatu, suka sa ta cikin kasafin tafiya kusa da kuɗin kaya. Wanda ba shi da shi ya zauna gida. Don haka kar wanda ya zo mini da cewa wannan yaƙin talaka ne. Talakan da na sani a ajina ba ya zuwa ko'ina, ko a zango ko a hutu, kuma shi ne ke rasa kulawata in masu tabarau sun dawo.

Bari in sauke murya kaɗan, don akwai abin da nake nufi da gaske. In kakar yaro na kwance rai a hannun Allah a wata ƙasa, ku ɗauke shi yau, ni da kaina zan bi shi da karatun in ya dawo, ba zan ce uffan ba. In uba aikinsa ba ya barinsa ya ga iyalinsa sai sau ɗaya a shekara, wannan ma magana ce da za a zauna a yi. Ban taɓa ƙin irin waɗannan ba. Amma duk sa'ad da wani ya ari rigar "dalilin iyali" don ya je wurin ninƙaya, sai ya sa a fara zargin mai dalilin gaskiya. Kuma yara suna gani. Yarinyar da aka ce ta faɗa wa Malama ba ta da lafiya, ta dawo fatarta ta ƙone da rana tana ba ƙawaye labarin jirgin ruwa, ta koyi darasi babba a tafiyar, ba musu: ta koyi cewa alƙawari abin bi ne in bai yi tsada ba, kuma ƙarya halal ce in Mama ce ta tsara ta. Ita ce ta huɗun da ke biya, kuma nata bashin ya fi daɗewa.

Kamfanonin jirage da otal-otal? E, suna tsawwalawa, na yarda, amma ba ni na sa musu farashi ba, ku daina huce haushinsu a kaina. In da gaske ake, a matsa wa masu tsara kalanda. Faransa ta raba ƙasar shiyya uku, hutun hunturu da na bazara ba sa faɗuwa rana ɗaya ga kowa. Jihohin Jamus ma ba sa fara dogon hutu tare. Wannan abin nema ne, ba saƙon ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba.

Af, tunda ana maganar dawowa: don Allah masu kawo mini tsarabar ɗan maganaɗisun nan da ake mannawa a jikin firji, na gode ƙwarai, amma sun kai goma sha huɗu, ƙofar ta cika, biyu ma na gari ɗaya ne daga gida ɗaya, shekara biyu a jere, duka a zango na biyu. In dole sai an kawo wani abu, jan biro nake nema. Nawa ya ƙare tun ranar Talata.