"Ka je kotu," in ji mataimakin shugaban makaranta

Ranar Talatar nan wani mutum ya dube ni ido cikin ido a ofishin makarantar gwamnati ya ce in tafi kotu, kuma har yanzu da nake wannan rubutu zuciyata ba ta sauka ba. Laifina kawai na tambayi dalilin korar ɗana. Yaro ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, jarabawar fita ta ƙarato, sai ga shi a ƙofar gida da akwati da katifa a ka, da wata takarda mai layi uku wai an sallame shi saboda "rashin ɗa'a". Ba a faɗi abin da ya yi ba, ba a faɗi ranar ba, ba a faɗi wanda ya gan shi ba. Hatimi ne da sa hannu.

Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne. Ruwa ya yanke a ɗakunan kwana, yara suka gaji da jira, wani dare suka fito da ihu, aka fasa tagogi, aka farfasa gilashin motar mataimakin shugaban makaranta. Ban ce sun kyauta ba, wanda ya yi ɓarna a hukunta shi. Amma nawa ya rantse min a daren yana kwance a ɗakin shan magani da zazzaɓi. Ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya ya shirga, akwai littafin da ake rubuta sunan duk wanda ya kwana a ɗakin. Buɗe littafin nan kawai na je roƙo.

Na zauna a benci har ƙafata ta yi sanyi kafin masinja ya ce in shiga. Na yi sallama. Mataimakin shugaban makarantar yana kan waya, ya ɗaga min yatsa ɗaya. Ga kujera a gabana, bai ce in zauna ba, ni ma ban zauna ba. Ya gama hirarsa, ya yi dariyarsa, ya ajiye wayar, ya ɗauki biro yana ƙwanƙwasa tebur da shi.

"Uban wa?"

Na faɗi sunan yaron. Ya jawo wata takarda daga ƙarƙashin kofin shayi, ya bi jerin sunaye da bakin biro, ya tsaya.

"An gama da wannan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an ji ta bakinsa kuwa?"

"Mun ji ta bakin waɗanda suka isa a ji."

Na haɗiye wannan. Na ce yaron ya ce yana ɗakin shan magani, don Allah a duba littafi. Ya ce littafin yana hannun nas, nas kuma ta tafi hutu. Na ce to ko zan ga rahoton kwamitin da ya yi bincike? A nan ne ya ɗago kai ya ƙare min kallo tun daga hula har takalmi, sannu a hankali, yadda zan san ana auna ni ne.

"Malam, rahoton kwamiti takardar gwamnati ce. Ba a nuna wa kowa da kowa."

Kowa da kowa. Ni da na haifi wanda aka rubuta rahoton a kansa. Na tambaya wa ya shugabanci kwamitin. Ya gyara zama, ya nuna ƙirjinsa da biron nan: "Ni ne." Sai na ce, cikin ladabi wallahi, murya ƙasa ƙasa, ai ranka ya daɗe motarka ce aka fasa, anya ya dace mai ƙara ya zama alƙali? Ya yi murmushi, ya juya wajen wani malami da ke gefe yana makin takardu ya ce, "Yau mun yi baƙon lauya." Malamin ya yi dariyar dole, irin ta wanda ke jiran a sa masa hannu a takardar ƙarin girma.

Daga nan ya miƙe, ya buɗe min ƙofa da kansa, abin da ya zama karramawa ɗaya tilo da na samu a ofishin, ya ce: "Alhaji, kotu a buɗe take. Ka je kotu. In ka ci, ka dawo da shi ya ƙarasa ajin tare da 'ya'yansa."

Madalla da wannan tarbiyya. Wannan shi ne mutumin da ke tsayawa gaban yara kowace safiya yana yi musu huɗuba kan ɗa'a.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba ƙarya ya yi ba. Ya san abin da yake faɗa. Doka tana tare da ni, shi kuma lokaci yana tare da shi, kuma ya san wanda zai yi nasara a tsakaninsu.

Ku duba dai. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda za a yanke hukunci a kan haƙƙinsa sai an saurare shi, kuma a gaban wanda ba shi da ɓangare. Ba yau aka fara kai maganar makaranta ba. A 1983 an yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka kori ɗalibai, kuma wanda ya shugabanci kwamitin binciken shi ne mataimakin shugaban jami'a, wanda ɓarnar ta shafe shi shi kansa. Ɗaliban suka kai ƙara, magana ta je har Kotun Ƙoli, a 1986 ta ce korar ba ta halatta ba domin ba a yi musu adalcin saurare ba. Duk ɗalibin lauya ya haddace wannan shari'ar ta Garba da Jami'ar Maiduguri. Shekara kusan arba'in ke nan, amma labarin bai iso ofishin da na tsaya ba. Kuma ku lura, su ma da suka ci, shekara uku suka yi suna jira.

Wannan ma ta yi sauri. Shari'ar hijabi a makarantun gwamnatin Legas an shigar da ita a 2013, a madadin wasu 'yan mata ƙanana. Babbar kotun jiha ta ƙi su a 2014. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a 2016. Gwamnatin jiha ta ce ba ta yarda ba, ta wuce gaba da kuɗin jama'a, sai a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta rufe maganar. Shekara tara. Yarinyar da aka shiga kotu dominta tana ƙaramar sakandare ta kai shekarun gama jami'a kafin a gaya mata tana da 'yancin rufe kanta a aji. Wannan kuwa shari'a ce da manyan lauyoyi da ƙungiyoyi suka tsaya mata, jaridu suna bibiya. To ni wa zai tsaya min? Jarabawar ɗana saura 'yan makonni. Kafin a miƙa wa makaranta sammaci, kafin lauyan ma'aikatar shari'a ya zo ya ce bai samu fayil ba a ɗage, kafin alƙali ya tafi taro, kafin a shiga dogon hutun kotuna na shekara, an yi jarabawa an fitar da sakamako an manta. A 2021 ma'aikatan kotuna sun rufe ƙofofi wata biyu cur suna yajin aiki, babu wanda ya ji a jikinsa sai mai neman haƙƙi.

Kuma kada ku ɗauka wannan ne karo na farko da aka nuna mana iyakarmu. Tun ranar da muka kai yaran nan aka miƙo mana takardar alƙawari mu sa hannu cewa duk hukuncin da makaranta ta yanke mun amince, ba a ba mu ko kwafi ba. Ilimi kyauta ne a rediyo, amma kowane zango da sabon sunan da ake raɗa wa kuɗin da za a karɓa, rasit kuwa sai ka yi sa'a. An taɓa zane wani yaro har hannunsa ya kumbura, uban ya zo, aka ce masa in bai son tarbiyya ya ɗauki ɗansa. Taron iyaye da malamai ya zama wurin karanta mana sanarwa. Ka ɗaga hannu, a rubuta sunan ɗanka.

Yanzu ga inda abin ya koma wasan kwaikwayo. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne. Ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa: gargaɗi da farko, in ya sake tara ko ɗauri. Wato yau da ɗana ke zaune a gida, a takarda ni ne abin tuhuma. Wanda ya koro shi ba tare da ya saurare shi ba yana ofis yana ƙwanƙwasa tebur. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, kuma babu mai tashinsa.

Gwamnati ta iya rubutu, wannan kam ba a ƙwace mata ba. Sashe na 18 na tsarin mulki ya yi alƙawarin ilimi kyauta, sai aka saka shi a babi na biyu, sannan sashe na 6 ya ce kotu ba ta da hurumin tilasta abin da ke cikin wannan babin. Hannun dama ya bayar, na hagu ya karɓe. Kotun ECOWAS ta ce a 2010 ilimi haƙƙi ne da ɗan Nijeriya zai iya nema a shari'a. Babbar kotun tarayya a Abuja ta faɗi irin haka a 2017 game da karatun firamare da ƙaramar sakandare. An buga a jarida, an yi tafi, an watse. Dokar kare haƙƙin yara tun 2003 take, amma wasu jihohinmu sai da suka shafe kusan shekara ashirin kafin su amince da tasu. Kuɗin da hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, ke ware wa jihohi kuwa biliyoyi ne ke kwance, saboda gwamnoni sun ƙi kawo nasu rabin su karɓa. Ƙasar da UNESCO ta ce a 2022 yaranta kusan miliyan 20 ba sa makaranta, ita ce ke korar waɗanda suka samu shiga da takarda mai layi uku.

Me zai ci wa ma'aikatar ilimi ta kafa wani ɗan kwamitin ɗaukaka ƙara, mutum uku waɗanda ba ma'aikatan makarantar ba, da za su zauna cikin mako biyu su ji ta bakin yaro kafin kora ta tabbata? Ba ya buƙatar kwangila, shi ya sa ba wanda ya damu. Su nasu 'ya'yan ba sa kwana inda ruwa ke yankewa.

Mu ma ba mu tsira ba. Tun da na dawo nake karɓar masu jaje, kowa da irin tasa fatawar. Wannan ya ce a bar wa Allah. Wancan ya ce ja da hukuma ba riba, kada in jawo wa ƙannen yaron baƙin jini. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya matso kusa da kunnena ya ce, "Wa ka sani a ma'aikata?" Babu mutum ɗaya da ya tambaye ni ko yaron ya aikata. Kuma na samu labari jerin sunayen nan ya fi haka tsawo a daren farko, ya rage tsawo ne bayan wasu motoci masu baƙin gilashi sun shiga makarantar sun fito. Iyayen da nasu suka tsira sun yi shiru, iyayen da aka kori nasu kowa ya bi ta bayan gida yana neman mai yi masa magana, a ɓoye, kada ɗan'uwansa ya riga shi. Na kira huɗu daga cikinsu na ce mu haɗu mu rubuta ƙorafi ɗaya zuwa ma'aikata da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, mu sa hannu tare. Biyu sun ce za su yi shawara. Ɗaya ya kashe waya. Na huɗun ya ce in rubuta, in ya ga an fara samun nasara zai sa sunansa.