A Ostiraliya kowa "mate" ne, amma amini sai an nema

A Ostiraliya ba a wahalar samun mai kiran ka "mate", wato aboki. Direban bas zai faɗa maka, mai gyaran famfo zai faɗa, shugabanka a wurin aiki ma haka, kai kuma da sunansa na yanka za ka kira shi. Wannan daidaito yana burge ni ƙwarai. A 2005 an hana masu gadin majalisar dokokin tarayya da ke Canberra, babban birnin ƙasar, kiran mutane da wannan kalma, jama'a suka yi ca, ba a yi kwana biyu ba aka janye umarnin. Mu da muka tashi da durƙuso da "ranka ya daɗe", ya kamata mu tsaya mu duba.

Sai dai sabon zuwa kada ya ɗauka ya yi amini. Mutum zai ce sai kun haɗu kun sha kofi, ka yi ta jira shiru. Ba yaudara ba ce, haka suke sallama. Ziyara sai an tsayar da rana da lokaci, babu majalisar ƙofar gida bayan la'asar, babu faɗo wa mutum haka kawai don kana kewarsa. Abota a nan wajen yin abu tare take ƙulluwa: ƙungiyar ƙwallo, aikin sa-kai, gashin naman da suke kira "barbie". Idan aka ce maka "bring a plate", abinci za ka dafo. Idan wani ya ce "my shout" ya biya wa kowa kuɗin abin sha, zagaye na gaba kai ake jira, kuma wanda ya saba zamewa an gane halinsa ko ba a faɗa ba.

Inda na fi damuwa shi ne neman abokin zama. Kalma ɗaya, "partner", ta haɗa matar aure da wadda ake zaune da ita ba aure, doka ma tana ba irin wannan zama haƙƙin rabon dukiya, galibi bayan shekara 2. Mu kuwa akwai zance, tambaya, baiko, sa rana, kowane mataki da dattijon da zai tsaya a kai. 'Ya'yanmu da ke tasowa a Sydney da Melbourne ba su da gwaggo ko kawu kusa da zai yi musu binciken asali da hali. Aikin ya dawo kanmu iyaye da 'yan tsirarun Hausawan da ke nan, kuma har yanzu yawancinmu sai Sallah muke ganin juna.