Jinƙan Ubangiji Ba Ya Neman Izinin Kowa

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku.

Abin da yawancinmu muka riƙe a labarin Annabi Yunusa tun muna yara shi ne kifi. To a buɗe sura ta 4, nan maganar take.

Allah ya aike shi Nineba, babban birnin Assuriyawa, wanda kufansa ke dab da Mosul a Iraƙi ta yau. Assuriyawa mutane ne da aka sani da rashin imani a fagen yaƙi, kuma su ne daga baya suka ci Samariya, babban birnin Isra'ila ta Arewa, ƙasar Yunusa, a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu. Yunusa ya ari ta kare, ya gangara Yafa, ya biya kuɗin jirgi zuwa Tarshish. Ba tsoro ne ya kore shi ba. Da bakinsa ya faɗa: ya san Ubangiji mai alheri ne, mai jinkirin fushi, in suka tuba zai yafe musu, shi kuwa ba ya so a yafe.

Haka aka yi. Bayan kifi ya amayar da Yunusa, ya je Nineba ya yi shelar saura kwana 40 birni ya hallaka, sarki ya sauka daga gadon sarauta ya zauna cikin toka, har dabbobi aka hana ci da sha. Allah ya janye hukunci. Sai ga mai wa'azi ya cika ya batse, ya koma gabashin gari ya kafa 'yar rumfa, wai gara ya mutu. Mutumin da aka tsamo daga cikin teku fa! Lokacin da jinƙan ya sauka a kansa godiya ya yi, da ya sauka a kan maƙiyansa sai abin ya zama laifi.

Kada mu yi saurin yi masa dariya. Akwai wanda ya cuce ka, in ka gan shi ranar Lahadi ya durƙusa yana kuka gaban Ubangiji, ranka ɓaci zai yi. Amma tun bayan ɗan maraƙin zinariya Allah ya gaya wa Musa cewa wanda ya ga dama shi zai yi wa jinƙai, Bulus kuma ya maimaita a Romawa 9:15. Bai ɗora kowa mai raba jinƙansa ba.

Shi kansa Yunusa, da duk fushin nan, ba a yar da shi ba. Allah ya tsiro masa da inuwa, ya aiko tsutsa ta cinye ta, sannan ya tambaye shi: kai da ke jin zafin tsiron da ba ka shuka ba, ni ba zan ji tausayin mutane fiye da 120,000 da dabbobinsu ba?